Kama da Wane Ba Ta Wane: Alamomin Ban Tsoro da Cin Wasu Kayan Lambu Ke Haifarwa a Jiki

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da suka fi tayar wa ɗan'adam hankali akwai ya wayi gari ya ga jikinsa ya fitar da wata alama da bai saba gani ba. Mutum ya zaga ya ga fitsarinsa ya yi ja, ko uwa ta buɗe tafin hannun ɗanta ta tarar ya rine ya koma ruwan ɗorawa, ko kuwa magidanci ya kwana cikinsa na ƙugi, ya kumbura tamkar ganga. A irin wannan hali abin da kan fara faɗo wa zuciya shi ne cuta, cutar ma mai tsanani. Sau da yawa zaton yakan tabbata. Amma kuma akwai lokutan da babu wata cuta, abin da aka ci jiya ko shekaranjiya ne kawai ya bar sawunsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin wasu daga cikin sauye-sauyen da cin kayan lambu ke kawowa a jiki, waɗanda ganinsu ke razanarwa amma ba su da illa. Za a dubi sauyin launi, da sauyin wari, da kumburin ciki, da zafi ko ƙaiƙayi. A kowane ɓangare za a kawo dalilin faruwar abin, sannan a nuna cutar da yake kama da ita da kuma inda suka sha bamban. Dalilin ɗaukar wannan hanya shi ne, rashin sanin bambancin yakan jefa mutane cikin ɗayan kurakurai biyu. Na farko, a ɗura wa mai lafiya magani a kan cutar da ba shi da ita. Na biyu, wanda ya fi muni, a ɗora wa abinci laifin alamar da ta fito daga cuta ta haƙiƙa, har lokacin magani ya ƙure.

2.0 Alama da Sunan Cuta a Wajen Bahaushe

Idan aka nazarci sunayen cututtuka a Hausa za a tarar da yawa daga cikinsu an gina su ne a kan abin da ido ya gani ko jiki ya ji. An kira sanƙarau da wannan suna saboda sanƙarewar wuya, farfaɗiya saboda yawan faɗuwa, baƙon dauro saboda ƙurajen da suka yi kama da ƙwayar dauro. Haka nan amai da gudawa da fitsarin jini, sunayensu ma kansu bayanin alamominsu ne. Wannan hanya ta raɗa suna tana da amfani, domin takan sa kowa ya gane abin da ake nufi ba tare da dogon bayani ba. Rauninta shi ne, alama ɗaya tana iya fitowa daga sanadi daban-daban. Da zarar alama ta bayyana sai suna ya biyo ta, magani kuma ya biyo suna, ba tare da an tsaya an tambayi inda alamar ta samo asali ba.

Ba za a ga laifin mai razana ba kuwa. Tsargiya da shawara cututtuka ne da suka daɗe suna addabar jama'armu, kuma kusan kowane gida yana da labarin wanda suka kwantar ko suka kai kabari. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ake bukata shi ne sanin yadda za a bambance tsumma da maciji.

3.0 Sauyin Launi

3.1 Jan Fitsari

Akwai wani tushe mai suna bitirut, mai siffar albasa babba, cikinsa jawur kamar an jiƙa shi da jini. Asalinsa daga ƙasashen gaɓar tekun Bahar Rum ne, a Nijeriya kuwa an fi nomansa a tsaunukan Jos inda ake da sanyi. A da sai a teburin Turawa ake ganinsa, amma yanzu ya shiga kasuwannin birane, ana yanka shi cikin kwaɗon kayan lambu, ana markaɗa shi a sha ruwansa, wasu ma sukan haɗa shi da zoɓo.

Jan launin wannan tushe ya samo asali ne daga wani sinadari da ake kira betanin, wanda masana'antun abinci ma suke amfani da shi wajen rina alawa da kayan sha. A jikin mafi yawan mutane, ruwan tsamin da ke cikin tumbi da ƙananan halittun da ke cikin hanji sukan kashe launin kafin ya je ko'ina. Amma a jikin wasu, wani ɓangare na sinadarin yakan tsira da launinsa, ya ratsa bangon hanji ya shiga jini, ƙoda ta tace shi ta zubar da shi cikin fitsari. Sai mutum ya ga fitsarinsa ya koma ja ko ruwan hoda bayan 'yan sa'o'i da cin abincin. An ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari na mutane ne ke ganin haka. A shekarar 1956 wasu masana a Ingila sun ɗauka cewa abin gado ne tsantsa, amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mutum ɗaya yana iya ganin jan fitsarin yau, wani jiƙon kuma ya ci bai gani ba. Yawan abin da aka ci, da ƙarfin tsamin tumbi, da irin abincin da aka haɗa da shi, duk suna da tasiri.

Wani abin lura shi ne, tun a farkon shekarun 1960 likitoci suka gano cewa wannan jan fitsari ya fi yawa ƙwarai a tsakanin masu ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. A ƙasarmu kuwa, masu ƙarancin jini, musamman mata masu juna biyu da masu jego, su ne aka fi ba shawarar shan ruwan bitirut, bisa zaton cewa jan abu yana ƙara jini. Ke nan waɗanda aka fi tura wa shi su ne suka fi kusa da ganin alamar da za ta firgita su. Gaskiyar magana kuwa, sinadarin ƙarfen da ke cikin giram 100 na bitirut bai kai miligiram ɗaya ba, wake da nama da hanta duk sun fi shi nesa. Saboda haka jan fitsarin ba shi da illa a karan kansa, amma wanda yake yawan ganinsa tare da kasala da jiri ya kamata a auna jininsa.

Cutar da wannan alama ta fi kama da ita a wajenmu ita ce tsargiya. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar da ke haddasa ta a birnin Alƙahira a shekarar 1851. Tsutsar takan fito daga jikin wata irin katantanwar ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai kamun kifi ko mai noman rani, ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su riƙa yi wa bangon mafitsara rauni. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, kuma idan ta daɗe ba magani tana iya lalata ƙoda ko ta kai ga ciwon dajin mafitsara. Bambancinta da jan fitsarin bitirut a fili yake. Jinin tsargiya ya fi fitowa a ƙarshen fitsari, yakan zo da zafi ko raɗaɗi, kuma yakan yi ta maimaituwa makonni da watanni ko me aka ci. Rinin bitirut kuwa yakan game fitsarin tun daga farko har ƙarshe, ba zafi, ba gudan jini, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. A asibiti akwai ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa cikin fitsari, wanda yakan sauya launi idan akwai jini, amma betanin ba ya motsa shi.

3.2 Rinewar Fata

Karas da kabewa da jan dankali da gwanda da mangwaro da manja duk sun yi tarayya a wani sinadari mai launin ruwan goro da ake kira karotin. Daga karas aka fara tsamo shi a ƙasar Jamus a shekarar 1831, daga nan ne ma ya sami sunansa. A shekarar 1930 kuma aka tabbatar da cewa jiki yana juya shi ya zama bitamin A, wanda ido da fata da garkuwar jiki suke bukata. Ganyaye irin su alayyafo da zogale ma suna ɗauke da shi, sai dai koren launinsu ya rufe shi.

Jiki ba ya juya karotin gaba ɗaya, iyakar abin da yake bukata yake sarrafawa. Ragowar, da yake sinadari ne mai narkewa cikin mai, sai ya taru a kitsen jiki da kuma saman fata. Idan mutum ya yi makonni yana cin abin da ya kai kimanin miligiram 30 na karotin a kowace rana, fatarsa takan fara rinewa. Giram 100 na ɗanyen karas yana da kusan miligiram 8, wato ana maganar abin da ya doshi giram 400 ke nan kullum. Manjan da ba a tace ba kuwa yana da miligiram 500 zuwa 700 na dangin wannan sinadari a kowane kilo, shi ya sa aka daɗe da sanin wannan rinewa a sassan Afirka ta Yamma da manja ya zama man girkin yau da kullum. Dafawa da markaɗawa da haɗawa da mai suna ƙara wa hanji sauƙin tsotse karotin, don haka yaran da ake yayewa da faten kabewa ko damammen karas su ne aka fi gani da alamar. Likitocin Amurka biyu, Hess da Myers, sun bayyana ta a jikin yara a shekarar 1919, an kuma sake ganinta a Ingila a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da abinci ya yi ƙaranci gwamnati ta riƙa kwaɗaitar da mutane cin karas. A shekarar 1960 an bayyana makamanciyarta a jikin mai yawan shan ruwan tumatir.

A jikin mai baƙar fata rinewar ba ta cika fitowa ba sai a tafin hannu da tafin ƙafa, inda fata take da kauri da haske. Uwa na ganin haka sai ta ce shawara, a shiga neman saiwar rawaya da sauran jiƙe-jiƙe. To amma shawara daban take. Ita tana faruwa ne idan wani sinadari mai suna bilirubin, wanda ke samuwa daga rugujewar tsofaffin ƙwayoyin jini, ya taru a jiki saboda hanta ta kasa fitar da shi, ko hanyar matsarmama ta toshe, ko kuma ƙwayoyin jini suna fashewa fiye da kima kamar yadda kan faru a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ciwon sikila. Wurin da bilirubin yake fara bayyana shi ne farin ido. Karotin kuwa ba ya taɓa farin ido ko kaɗan. Wannan ita ce babbar shaida, kuma kowa yana iya duba ta da rana tsaka a hasken waje. Bugu da ƙari, mai shawara yakan yi fitsari mai duhu kamar ruwan shayi, ga kasala da rashin cin abinci, wani lokaci da zazzaɓi ko ƙaiƙayin jiki. Yaron da karotin ya rina kuwa yana cikin wasansa da cin abincinsa. Idan aka rage masa abin da ya jawo rinewar, launin yakan koma daidai sannu a hankali cikin makonni ko 'yan watanni.

Akwai togaciya biyu a nan. Ta farko, jaririn da bai wuce kwanaki da haihuwa ba, idan idonsa ko fatarsa ta yi ɗorawa, kada a ce abin da uwarsa ta ci ne. Shawarar jarirai idan ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa ta bar nakasa ta har abada, don haka asibiti za a nufa da shi a ranar. Ta biyu, wanda tafinsa ya rine alhali ba ya yawaita cin waɗannan abubuwa, ya kamata a bincike shi, domin ciwon sukari da raunin halittar nan ta wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo suna iya rage wa jiki ƙarfin sarrafa karotin.

3.3 Launin Bayan Gida

Launin ƙasa-ƙasa da aka saba gani a bayan gida daga ruwan matsarmama yake. Wannan ruwa yakan sauko hanji da launin kore mai ɗorawa, ƙananan halittun hanji su juya shi sannu a hankali har ya koma launin da aka sani. Wanda ya cika cikinsa da kwaɗon zogale ko rama, ko miyar kuka ko ta alayyafo, koren sinadarin ganye, wato kulorofil, yakan rinjayi wancan launi sai bayan gida ya fito kore. Har wa yau, ganye yakan hanzarta tafiyar abinci a hanji, ta yadda ruwan matsarmama ba zai sami lokacin sauya launi ba. Duk wannan ba abin damuwa ba ne muddin babu gudawa mai yawa ko zazzaɓi.

Bitirut yakan rina bayan gida ja har kwana biyu ko uku. Ɓawon tumatir da na tattasai da na barkono kuwa ba sa narkewa, sukan fito 'yan filla-filla jajaye, mai kallo ya zaci jini ne ya ce basir ya tashi. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne jini na sosai mai ɗiga ko mai haɗe da majina, da baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta da wari mai tsanani, wanda yake nuna zubar jini a tumbi, da kuma farin bayan gida mai kama da farar ƙasa, wanda yake nuna ruwan matsarmama ya daina saukowa. Kayan lambu ba sa kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan.

4.0 Sauyin Wari

Tafarnuwa da ba a taɓa ba warinta kaɗan ne. Sai an daka ta ko an tauna, wasu sinadarai biyu da ke zaune a ɗakuna daban-daban cikin ƙwayoyinta su haɗu, su haifar da alisin, wanda aka fara tantancewa a Amurka a shekarar 1944. A cikin jiki alisin yakan rarrabu zuwa wasu sinadarai masu ɗauke da farar wuta. Hanta takan kawar da yawancinsu da wuri, amma akwai guda ɗaya da yake jinkirin rushewa, sai ya bi jini ya fita ta huhu da gumi da fitsari. Wannan ne ya sa mutum zai yi asuwaki ya kuskure baki amma warin yana nan har kwana guda ko fiye, domin daga huhu yake fitowa. Warin yakan shiga har cikin ruwan nono. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 1991 ya nuna cewa jarirai ba su guje shi ba, sun ma fi daɗewa a kan mama a lokacin da nonon ya ɗauki warin tafarnuwa. Albasa 'yar'uwar tafarnuwa ce, ita kuma sinadarinta mai farar wuta yakan tashi cikin iska idan an yanka ta, ya taɓa jijiyoyin ido, ido ya zubo da hawaye don ya wanke kansa. Masu bincike a Japan ne suka gano abin da ke ƙera wannan sinadari a shekarar 2002. Hawayen albasa ba ya rage gani.

Hulba, wadda mata da yawa suke sha don ƙarin ruwan nono ko gyaran jiki, tana da wani sinadari mai suna sotolon da yake fita ta gumi da fitsari da ƙamshi irin na ƙonannen sukari. Akwai wata cutar gado ta jarirai, wadda aka bayyana a shekarar 1954, da fitsarin mai ita yake ba da irin wannan ƙamshi, har an taɓa samun likitocin da suka zargi cutar a jikin jarirai masu lafiya waɗanda iyayensu mata suka sha hulba. Cutar ba ta da yawa, kuma takan zo da ƙin shan mama da yawan barci da sanƙarewar jiki.

A ƙasashen Turai da Amurka kuwa abin da aka fi sani da sauya warin fitsari shi ne asfaragus, wani tsiro da ake cin 'yan tohonsa. Warin yakan bayyana cikin minti 15 zuwa 30 da cinsa. Wani bincike na shekarar 2016 da ya shafi mutum 6,909 ya gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari nasu ba sa jin warin, kuma hakan yana da alaƙa da bambancin gado a hancinsu. Darasin da ke cikin wannan shi ne, mutum biyu za su ci abinci ɗaya, ɗaya ya ga alama ɗaya bai gani ba, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau.

5.0 Kumburin Ciki, Zafi da Ƙaiƙayi

Wake da gujiya da kabeji suna ɗauke da wasu nau'o'in sukari, irin su rafinos, waɗanda hanjin ɗan'adam ba shi da abin narkar da su. Haka suke wucewa har babban hanji, inda ƙananan halittu suke cinye su, su fitar da iska. Sakamakon haka shi ne ƙugin ciki da kumburi da yawan sakin iska bayan wasu sa'o'i. Mai lafiya ma yakan saki iska sau 10 zuwa 20 a rana, wake ƙara yawanta kawai yake yi. Jiƙa wake a zubar da ruwan kafin dafawa yana rage waɗannan sinadarai, haka ma ruɓarwa irin wadda ake yi wa kalwa ko waken suya wajen haɗa daddawa. Wanda ya saba cin wake kullum kuma, cikinsa yakan daidaita da shi. Kumburin da ake tsoro shi ne wanda ya zo da amai da murɗa mai tsanani, iska da bayan gida suka ƙi fita gaba ɗaya, ko wanda ya daɗe yana ƙaruwa mutum kuma yana ramewa.

Barkono da attaruhu suna da sinadarin kafsaisin. A shekarar 1997 David Julius da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa wannan sinadari yana taɓa ainihin kafar jijiya da ke sanar da ƙwaƙwalwa zafin da ya haura digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, binciken da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a shekarar 2021. Ma'ana, ƙwaƙwalwa tana karɓar saƙon ƙuna alhali babu abin da ya ƙone. Sai jiki ya ɗauki matakan sanyaya kansa: gumi ya keto, hanci ya zubo, ido ya yi ja. Da yake ba duka kafsaisin ke narkewa ba, ragowar yakan sake yin raɗaɗi wajen fita, wanda mutane kan danganta da basir. Ruwa ba ya wanke shi domin cikin mai yake narkewa, nono ko madara sun fi kwantar da shi.

Gwaza kuma, idan bai dahu sosai ba, yakan sa ƙaiƙayi a harshe da maƙogwaro, haka ma a hannun mai feraye shi. Dalili shi ne wasu 'yan ƙananan allurai na gishirin okzalet da ke cikin namansa da ganyensa, waɗanda ido ba ya gani. Dafuwa mai kyau tana kawar da ƙaiƙayin. Amma idan leɓe ko harshe ya kumbura har numfashi ya fara wuya bayan cin kowane irin abinci, wannan ya fita daga babin da muke ciki, gaggawa ake yi zuwa asibiti.

6.0 Hanyoyin Rarrabewa

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da tambayoyi huɗu da za su taimaka wa mai lura da kansa ko da iyalinsa:

(i) Me aka ci a cikin kwana biyun da suka wuce, ko kuma me aka dimanci ci a makonnin nan? Idan babu abincin da zai iya kawo alamar, to kada a ɗora masa.

(ii) Alamar ita kaɗai ta zo, ko da rakiya? Zazzaɓi da ciwo da amai da rama da kasala ba sa rakiyar rinin abinci.

(iii) Idan aka daina cin abin, alamar tana wucewa? Jan fitsari da warin jiki da kumburi kwana ɗaya zuwa uku ne, rinewar tafi ce kawai take ɗaukar makonni.

(iv) Wane ne abin ya sama? Jariri sabon haihuwa, da mai juna biyu, da tsoho, da mai sikila, ba a jira da su a ga abin da gobe za ta yi. Musamman dattijon da ya ga jan fitsari ba tare da zafi ba, ya kamata a gwada fitsarin ko da ya ci bitirut.

Ya kamata kuma a sani cewa ba duk abin da tsiro ke haifarwa ne marar illa ba. Rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ko aka sarrafa yadda ya kamata ba yana ɗauke da guba mai kisa, kuma jiri da amai bayan cinsa ba su cikin alamomin da wannan maƙala ta kira marasa lahani.

7.0 Kammalawa

An ga yadda betanin ke kwaikwayon tsargiya, karotin ke kwaikwayon shawara, ɓawon tumatir da kafsaisin ke kwaikwayon basir. A kowane hali akwai shaidar da ke raba su: lokacin da jan yake fitowa a fitsari, launin farin ido, da kuma ko alamar ta zo da rakiya ko ita kaɗai. Kayan lambun da aka ambata suna daga cikin mafi amfani ga jiki, kuma a ƙasar da ƙarancin bitamin A yake makantar da yara, babbar asara ce uwa ta hana ɗanta karas ko kabewa don ta ga tafinsa ya rine. Haka kuma asara ce a bar yaro da tsargiya ana cewa zoɓo ya sha. Akwai bukatar malaman kiwon lafiya da masu shirye-shiryen rediyo da marubuta littattafan makaranta su riƙa kawo wannan bayani cikin harshen da jama'a ke ji, su kuma riƙa raba sunan alama da sunan cuta, ta yadda wanda ya ce ya ga jan fitsari ba za a yanke masa hukuncin fitsarin jini ba sai an gwada.